Zango ɗaya a Jamus: in karɓi gurbin musayar ɗalibai ko in zauna in kammala?

Ɗan_Hindawiyya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni tun makon jiya. A Jidda aka haife ni, fasfona na Najeriya ne, igamata kuma, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, har yanzu tana ƙarƙashin mahaifina. Shekaruna 23, ina karatun injiniyan lantarki da minhar cikin gida, wato gurbin karatu na tallafi irin wanda ake ba 'ya'yan baƙi mazauna ƙasa, kuma zango huɗu ya rage mini. Sashenmu yana da yarjejeniyar musayar ɗalibai da wata jami'a a kudancin Jamus, an kuma sanar da ni cewa sunana yana cikin waɗanda aka zaɓa su je su yi zango ɗaya a can daga watan Oktoba. An ce ba zan biya kuɗin makaranta ba, amma ba a yi mini bayani a kan masauki da abinci ba.

Mahaifina bai hana ni kai tsaye ba. Abin da ya ce shi ne, a ganinsa wanda ya kusa karɓar shahadar kammala karatu bai kamata ya tsallake teku ya je ya ɗauko abin da zai jinkirta shi ba. Don haka nake tambayar waɗanda suka taɓa yin irin wannan tafiya: shin darussan da mutum ya yi a can ana lissafa masa su idan ya dawo, kuma yaya ake yi da igama a tsawon wata shida? Allah ya saka da alheri.

Abu_Safiyya_Muaƙƙib

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa alheri ne. Ni ban san harkar jami'a ba, amma takardun jawazat, wato hukumar fasfo da shige da fice, su ne sana'ata, saboda haka bari in fara da su. Tunda kana ƙarƙashin Baba, shi ne zai fitar maka da bizar fita da dawowa daga asusunsa na Absher, manhajar gwamnati ta irin waɗannan takardu. Biza mai tafiya ɗaya riyal 200 ce na wata biyun farko, sannan riyal 100 a kan kowane wata da aka ƙara, ka ga wata shida ya kama riyal 600. Wannan ba shi ne abin damuwa ba. Abin damuwar shi ne ba a ba da bizar da ta zarce wa'adin igama, don haka sai an fara sabunta igamar ta rufe dukan tafiyar har da rara, kuma sabuntawar tana tafiya ne da kuɗin murafiƙ, wato abin da ake biya a kan wanda yake zaune ƙarƙashin mai igama, riyal 400 a kowane wata, ko kana Jidda ko kana Jamus. Ka sa wannan a lissafinka tun yanzu, domin Baba ne zai biya shi kana can kana cin wani kuɗin.

Sai maganar shekaru. Ɗa namiji da ya wuce 18 ana sabunta masa ne da takardar shaidar cewa ɗalibi ne, idan kuma ya kai 25 ana buƙatar ya fita daga ƙarƙashin mahaifinsa ya koma wurin kafilin kansa, wato wanda zai ɗauki nauyin zamansa a ƙasar. Kai kana da 23 da zango huɗu a gabanka. Ina ganin abin da Baba yake hangowa ke nan, ko da bai faɗa maka shi da waɗannan kalmomi ba.

Ummu_Hafsa_Makka

Ɗana, ni dai ra'ayina ɗaya da na mahaifinka. Jamus ba za ta gudu ba. Ka karɓi shahadarka tukuna, idan Allah ya nufa sai ka je ka yi digiri na biyu a can da kwanciyar hankali.

Dakta_Misfala

Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarki tana da nauyi, amma ina so a fara duba ko jinkirin dole ne ko kuwa ana iya kauce masa. Na daɗe ina zama a kwamitin da ke duba mu'adalar darussa, wato daidaita waɗanda aka yi a wata jami'a da namu, a tsangayarmu, kuma mafi yawan ɗaliban da suka yi asarar zango ba jami'ar waje ce ta cuce su ba, sun tafi ne da alkawarin baki. Shugaban sashe zai ce maka ka tafi babu komai, ka dawo ka tarar an canja shi, wanda ya gaje shi kuma bai san da zancen ba.

Ɗan_Hindawiyya, abin da za ka yi shi ne ka samo cikakken bayanin kowane darasi daga jami'ar can, da abin da ake koyarwa mako-mako da yawan sa'o'insa da ko akwai aikin ɗakin gwaji a cikinsa, ka ajiye shi kusa da bayanin darasin da kake so ya maye gurbinsa a nan, ka kai wa majalisar sashe ta amince a rubuce kafin ka sayi tikiti. A tsarinmu na nan za a ɗauke ka ne a matsayin ɗalibi za'ir, wato mai ziyara, kuma sharaɗin farko na wannan matsayi shi ne amincewar tsangaya kafin tafiya. Su kuma Turawa suna da takardar yarjejeniyar karatu wadda mutum uku suke sa wa hannu: kai, da jami'arka, da jami'ar da za ta karɓe ka.

Ka kuma lura da bambancin awo. Su suna lissafi da ECTS, tsarin awon darussa na Turai, inda cikakken zango yake da maki 30, shekara 60, kowane maki ɗaya kuma yana wakiltar aikin sa'a 25 zuwa 30 har da karatun da ɗalibi yake yi shi kaɗai a ɗakinsa. Mu a nan sa'o'in zama a aji muke ƙirgawa. Saboda haka darasi mai maki 5 ko 6 a wurinsu shi ne yawanci yake zuwa daidai da mai sa'a uku a wurinmu, amma kwamiti ne yake yanke wannan, ba ɗalibi ba. Ka tambayi ofishin rajista ko sakamakon zai shiga jimillar makinka ko kuwa za a rubuta an ci kawai, ka kuma tambayi ko mukafa'arka ta wata-wata, wato alawus ɗin ɗalibi, za ta ci gaba a lokacin da ba ka nan.

Injiniya_Yanbu

Dakta ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai akwai rami ɗaya da bai ambata ba, wanda ni na gan shi da idona lokacin da na yi irin wannan zango a Jamus, shi ne kalanda. Zangon hunturu a yawancin jami'o'insu yana farawa ne a Oktoba, lacca ta kai har cikin Fabrairu, jarrabawa kuma ta biyo baya, a fannin injiniya ma takan kai Maris. Mu kuwa zangonmu na biyu a Janairu yake farawa. Ma'ana, wanda ya tafi a Oktoba ya rasa zangon farko na nan gaba ɗaya, sannan kafin ya gama jarrabawa a can an yi nisa a na biyu. Zango ɗaya ka je yi, biyu ya ci maka. Wani abokin tafiyata haka ya dawo a ƙarshen Maris ya zauna a gida har Agusta.

Zangon bazara ya fi dacewa da mu. Yana farawa a Afrilu, lacca ta ƙare a Yuli, idan ka zaɓi darussan da jarrabawarsu take zuwa da wuri za ka iya dawowa ka riski buɗe makaranta a ƙarshen Agusta. Za ka yi zaman jira daga Janairu zuwa Afrilu, amma wannan lokaci ne na neman biza da koyon Jamusanci. Akwai 'yan jami'o'i da suka daidaita kalandarsu da ta sauran duniya, kamar ta Mannheim wadda zangonta na kaka yake farawa a Satumba ya ƙare a Disamba, amma ba su da yawa. Ka duba kalandar taka jami'ar da kanka, kada ka dogara da abin da aka rubuta a takardar sanarwa.

Game da karatun kansa, ka shirya wa wani salo dabam. Babu mai kiran suna a yawancin laccoci, babu gwajin tsakiyar zango, babu makin halarta da zai ɗaga ka. Jarrabawa ɗaya ce a ƙarshe take ɗauke da dukan makin, kuma shiga aji bai sa ka cikin masu jarrabawa ba, sai ka yi mata rajista ta daban a cikin kwanakin da aka ware. Makinsu kuma a juye yake: 1.0 shi ne mafi kyau, 4.0 shi ne ƙarshen ci, 5.0 faɗuwa ce. Idan ka kawo wa Baba takarda ya ga 1.7 sai ka zauna ka yi masa bayani, tunda mu a nan 5 muke nema.

Ɗan_Hindawiyya

Yaya Injiniya, Allah ya biya ka. Na buɗe shafin jami'ar yanzu, kuma yadda ka faɗa haka yake, jarrabawar sashen lantarki tana kaiwa tsakiyar Maris. Zan tambayi mai kula da shirin ko za a iya mayar da ni zangon bazara. Yaya Abu Safiyya, na gode da lissafin igama, zan zauna da Baba a kansa. Saura maganar biza da kuɗi, idan akwai wanda ya sani.

Bakano_a_Dammam

Bizar Schengen da mutane suke zuwa yawon buɗe ido da ita ba za ta yi maka ba, domin iyakarta kwana 90 ne a cikin kowane kwana 180. Taka ita ce bizar ƙasa ta dogon zama, nau'in D, kuma tunda kana da igama mai rai kana da damar nema daga nan Saudiyya ba sai ka je Abuja ko Legas ba. Babban abin da za su nema shi ne shaidar cewa kana da abin da za ka ci. Tun daga Satumban 2024 adadin da Jamus ta ƙayyade wa ɗalibi shi ne Yuro 992 a wata, wato 11,904 a shekara. Na wata shida ya kama Yuro 5,952, idan ka juya shi a kan riyal 4 ko sama da haka kaɗan za ka ga ya doshi riyal dubu 24 ko fiye. Ana zuba kuɗin ne a wani asusu da ake kullewa, a riƙa sakar maka na wata ɗaya-ɗaya bayan ka isa. Idan akwai tallafi a shirin naku, takardar tallafin tana rage abin da za ka zuba gwargwadon yawansa.

Don haka tambayar da za ka yi gobe ita ce: wannan yarjejeniya tsakanin jami'o'in biyu ce kawai, ko tana ƙarƙashin Erasmus+, shirin musayar ɗalibai na Tarayyar Turai? Idan tana ƙarƙashinsa ne, ɗalibin da ya zo daga wajen Turai yana samun Yuro 800 zuwa 900 a wata gwargwadon ƙasar da ya je, da wani abu na tikitin jirgi. Idan ta tsakaninsu ce kawai, sau da yawa kuɗin makaranta kaɗai ake yafewa.

Ka kuma buɗe fasfonka ka duba ranar ƙarewarsa a daren nan. Idan sabuntawa yake buƙata, ka fara da ita a ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda, ka tabbata kana da lambar NIN kuma sunanka da ranar haihuwarka sun yi daidai da abin da ke cikin fasfo, domin mu da aka haifa a nan sau da yawa ana samun saɓani wajen juya ranar Hijira zuwa Miladiyya da wajen rubuta suna daga Larabci zuwa boko.

Sani_Karantina

Ai kuɗin ba zai zama matsala ba idan ya isa, tunda na ji ana barin ɗalibai su yi aiki a Jamus.

Injiniya_Yanbu

Malam Sani, gaskiya ne doka ta ba ɗalibin waje damar aikin cikakkun kwanaki 140 a shekara, amma ofishin biza ba ya karɓar niyyar aiki a matsayin shaidar kuɗi. Ban da haka, wanda ya zo na wata biyar ko shida, ba ya jin harshen, kuma jarrabawa ɗaya ce za ta yanke masa hukunci a kowane darasi, idan ya shiga wankin kwanuka a gidan abinci to ya bar abin da ya kai shi. Akwai kuma inshorar lafiya wadda ba a yi wa ɗalibi rajista sai da ita, kuma ta haura Yuro 100 a wata.

Bintu_Azizia

Ina neman afuwar manya, zan ɗan karkata zancen. Me ya sa duk lokacin da aka ce musayar ɗalibai sai hankalinmu ya tafi Turai? Ni a Maleshiya na yi nawa zangon, a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak kusa da Kuala Lumpur, kuma abubuwa da yawa da ake jin tsoro a nan ban gamu da su ba. Da Turanci ake koyarwa, masallaci yana tsakiyar jami'a, abincin kantin halal ne ba sai na tsaya karanta bayan kwali ba, ɗakunan kwanan mata kuma a keɓe suke da ƙofa da mai gadi. Wannan na ƙarshe shi ne ya sa mahaifina ya sa hannu, domin sai da ya ga hoton ginin ya kuma yi magana da wata 'yar garinmu da ke digiri na uku a can. Takardun izinin karatu ta hannun hukumar EMGS mai kula da ɗaliban waje a Maleshiya ake yin su, jami'a ce take turawa, kana bin matakin da suke a intanet. Kuɗin da na kashe a dukan zangon bai kai abin da Malam Bakano ya lissafa ba ko kusa.

Ban ce Maleshiya ta fi Jamus a injiniyan lantarki ba, wannan masana ne za su faɗa. Abin da nake nufi shi ne, idan sashenku yana da yarjejeniya da wata jami'a a Maleshiya ko Turkiyya, ka tambaya, wataƙila Baba ya fi sakin jiki da can. Abin da na ƙaru da shi ma ba a aji yake ba. Na tashi a Makka ban taɓa biyan haya ko zuwa asibiti ni kaɗai ba, a can na koya.

Ustaz_Ɗan_Madina

'Yar'uwa Bintu ta taɓo abin da nake jira a taɓo. An yi ta lissafin riyal da Yuro, ba a yi lissafin salla ba. Yaron da ya tashi inda ake jin kiran salla daga kowace kusurwa, Juma'a kuma ranar hutu ce, za a kai shi inda Juma'a ranar aiki ce kuma ana iya sa masa jarrabawa a daidai lokacin huɗuba. Malamai sun yi magana a kan tafiya irin wannan, sun kuma gindaya cewa mutum ya kasance yana da ilimin da zai kare shi daga shubuha, da riƙon addinin da zai kare shi daga sha'awa, da kuma buƙata ta gaskiya. Ban ce kada ya je ba, amma ya auna kansa da waɗannan kafin ya auna aljihun mahaifinsa.

Injiniya_Yanbu

Allah ya gafarta Malam, nasiharka ta karɓu. Bari in faɗi yadda abin yake a zahiri domin ya auna da sani. A Disamba a kudancin Jamus rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, Azahar tana shiga sha biyu da 'yan mintuna, La'asar wajen ƙarfe biyu, Magariba kuma kafin huɗu da rabi. Lacca ɗaya minti 90 ce, don haka idan kana da biyu a jere salla biyu za su iya wuce ka kana zaune. Ni ƙaramar darduma nake naɗewa a jaka, in yi salla a ƙarƙashin matakala ko a lungun ɗakin karatu, kuma ban taɓa samun wanda ya hana ni ba. Alwala ita ce wahala, domin banɗakunansu babu shaɗɗaf, wato tiyon tsarki, babu buta, sai takarda, don haka gorar ruwa ba ta rabuwa da jakata, kuma a can na san darajar shafa a kan huffi. A bazara matsalar takan juya: a Yuni Isha tana kaiwa sha ɗayan dare, Asuba kuma wajen ƙarfe uku.

Masallatai kuwa akwai su a kusan kowane gari mai jami'a, yawancinsu na Turkawa ne, wasu na Larabawa, kuma inda masallacin Turkawa yake da wuya ka rasa mahauci mai naman halal a kusa. Wanda ya tashi a Jidda yana da wata riba, wato Larabcinsa. Ranar farko da na buɗe baki a masallaci 'yan Siriya suka kewaye ni suna tambayar yadda aka yi nake magana kamar ɗan Hijaz, kuma su ne suka nuna mini inda ake sayen rigar sanyi ta gwanjo. Azumi ma a duba shi: a 2024 ya kama ranar 11 ga Maris, a 2025 ranar 1 ga Maris, yana kuma matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, saboda haka a waɗannan shekaru yana faɗawa ne a kan jarrabawar hunturu. Yinin gajere ne, amma wanda ya saba shan ruwa a Harami zai sha shi kaɗai a ɗaki da littafi a gabansa.

Ɗan_Mai_Wurno

Salamu alaikum. Ni daga Sudan nake, yanzu ina zaune a Riyad wurin kawuna. Ban yi musayar ɗalibai ta zaɓi ba, tawa ta dole ce. Ina aji uku a Khartum yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, muka fita da kayan jikinmu. Daga baya aka buɗe hanyar istidafa, inda ɗalibi yake zama a wata jami'a ya yi karatu ko jarrabawa da sunan jami'arsa ta asali, wasu ɗaliban likitanci ma har Ruwanda da Tanzaniya aka kai su. Abin da ya raba waɗanda suka ci gaba da waɗanda suka tsaya cik a cikinmu shi ne takarda. Wanda yake da hoton sakamakonsa da bayanin darussansa a waya ko a imel ya sami inda zai dafa, wanda ya bar komai a ofishin rajista ya sha wahala.

Don haka ina goyon bayan Dakta ɗari bisa ɗari. Ɗan'uwa, duk takardar da aka sa wa hannu ka ɗauki hotonta ka aika wa kanka da wani na gida, kuma kada ka baro Jamus sai ka san ranar da sakamakonka zai fito da hanyar da zai bi ya iso jami'arka. Ni da za a ba ni irin damarka da na tafi, amma na san halin kowa dabam ne.

Baba_Alhaji_Rusaifa

Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya mayar da ku gidajenku. Ɗan_Hindawiyya, ni sa'an mahaifinka ne, kuma ina so ka fahimci inda tsoronsa yake. Mu da muka daɗe a ƙasar nan mun ga gidaje da yawa na 'yan'uwanmu da takardunsu suka lalace saboda sakaci na wata ɗaya, har 'ya'ya da jikoki suka tashi ba makaranta ba asibiti. Mutumin da ya riƙe igamar iyalinsa da rai shekara da shekaru, duk abin da zai taɓa ta sai gabansa ya faɗi. Kada ka je masa da zancen cewa abokanka sun tafi. Ka je masa da takarda ɗaya mai ɗauke da ranar tafiya da ranar dawowa da ranar ƙarewar igama da ranar da za ka kammala karatu da jimillar kuɗi da wanda zai biya kowane kaso. Idan da hali ka roƙi wani malaminka ya kira shi. Idan bayan haka ya ce a'a, ka haƙura da zuciya ɗaya.

Bakano_a_Dammam

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ba na jayayya da biyayya ga mahaifi. Sai dai ina so in amsa wa Hajiya Ummu Hafsa da ta ce ya bari sai digiri na biyu. Digiri na biyun ba a kan hanya ake tsintarsa ba. Duk mun san yadda sa'awada, wato mayar da ayyuka hannun 'yan Saudiyya, take ƙara rufe ƙofofin aiki ga wanda ba ɗan ƙasa ba, har a fannin injiniya, kuma yaron da aka haifa a Jidda idan ya koma Najeriya baƙo ne, sai ya kai shahadarsa an tantance a ma'aikatar ilimi, ya yi hidimar ƙasa, sannan ya shiga layin neman aiki da waɗanda suka fi shi sanin gari. Irin wannan yaro yana buƙatar ƙofa ta uku. Zango ɗaya da sakamako mai kyau da wasiƙar shaida daga farfesan can suna da nauyi idan ya zo neman gurbi ko tallafin DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus, daga baya. Ko da zai jinkirta shi da zango ɗaya, ni a ganina bai faɗi ba.

Ummu_Hafsa_Makka

Malam Bakano, na ji hujjarka, amma zango ɗayan da kake ganin ƙarami ne shi ne zai iya tsallakar da shi shekara 25 bai kammala ba, kamar yadda Abu Safiyya ya nuna tun farko. A lokacin wane ne zai zama kafilinsa, kuma da wace shahada?

Abu_Safiyya_Muaƙƙib

Hajiya ta yi tambaya a wurinta. Amsar tana ga watan haihuwarsa da ranar da aka saba sabunta igamar, kuma wannan ba abin da za a yanke a zaure ba ne. Ya ɗauki igamarsa da takardar jami'a ya je jawazat ya tambaya, ya kuma tambayi ofishin ɗaliban minha ko jami'a tana mayar da ɗalibi ƙarƙashin kafalarta idan ya kai wannan shekara yana karatu.

Ɗan_Hindawiyya

Iyayena da yayyena, na dawo da bayani. Na ga mai kula da shirin yau. Ya ce za a iya mayar da ni zangon bazara idan na rubuta buƙata kafin ƙarshen wata, kuma akwai tallafin wata-wata, sai dai bai kai adadin da Yaya Bakano ya ambata ba, don haka sai mun cika sauran a asusun da ake kullewa. Na kai wa shugaban sashe bayanin darussa biyar kamar yadda Dakta ya ce. Ya duba ya ce uku za su wuce a majalisa, ɗaya sai an ga ko yana da aikin ɗakin gwaji, na biyar kuma ba shi da makamanci a tsarinmu. Matsalar ita ce ɗaya daga cikin darussan da zan bari a nan sharaɗi ne na fara aikin kammalawa, kuma sau ɗaya ake bayar da shi a shekara. Ban kai wa Baba takardar ba tukuna, ina jiran amsar jawazat.

Dakta_Misfala

Uku cikin biyar ba laifi ba ne, mutane da yawa da ƙasa da haka suke dawowa. Amma darasin sharaɗin nan shi ne ainihin maganar, domin idan ka rasa shi ba zango ɗaya zai ja maka ba, shekara ce. Ka nemi makamancinsa a jami'ar can ko da a wani sashe ne, idan babu ka roƙi majalisa ta ba ka izinin ɗaukarsa tare da kashin farko na aikin kammalawa idan ka dawo. Ana yin haka, amma shi ma a rubuce. Idan aka ƙi duka biyun, ni kaina zan koma bayan Hajiya.

Bakano_a_Dammam

Ni ko an ƙi ba zan koma ba, Dakta, matuƙar jawazat ta ba shi mafita a kan shekaru.

Injiniya_Yanbu

Ko wane ra'ayi ya rinjaya, akwai abin da ba ya jira, shi ne masauki. Ka cika takardar neman ɗaki a gidajen ɗalibai na hukumar Studierendenwerk ta garin a ranar da aka buɗe, domin layin yana da tsawo, kuma janyewa daga baya ta fi neman ɗaki a makare sauƙi. Ka tambayi ofishin ɗaliban waje ko suna ware wa 'yan musaya ɗakuna, da yawa suna yi. Kada ka tura wa kowa kuɗin ajiya a kan ɗakin da ka gani a Facebook, musamman mai cewa yana wata ƙasa zai aiko maka da makulli. A dokarsu kuɗin ajiya ba ya wuce hayar wata uku, kuma kana buƙatar takardar mai gida domin yin rajistar mazauni a ofishin gari cikin mako biyu da tarewarka, wadda da ita ake buɗe asusun banki da sauran abubuwa. Ka faɗa mini sunan garin ta saƙon sirri, zan duba ko ina da wanda na sani a masallacin can.

Bintu_Azizia

Ka tambayi mai kula da shirin sunayen waɗanda suka je bara daga sashenku, ka nemi ganin takardar mu'adalar ɗaya daga cikinsu. Idan an taɓa amincewa da makamancin darasin sharaɗin ga wani, majalisa ba za ta sha wahalar amincewa da naka ba.